Kundin Aiki: Ɗauko Rubutun Taimakon Umarni Daga Cikin Wata Manhaja

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Abin da ake ginawa ƙaramin sashe ne a cikin editan rubuta umarnan shel, wato manhajar da ke karɓar umarnan da ake bugawa ta gudanar da su. Idan mai rubutu ya tsaya a kan `tar` ko `rsync`, sai gefen allo ya nuna masa bayanin da umarnin ke bayarwa game da kansa, ba sai ya buɗe wata taga ba. Da Python ake rubutawa, kuma ƙofa ɗaya ce tak: `samo_taimako(suna)`. Za ta dawo da rubutun, da inda aka samo shi, da lambar da umarnin ya fita da ita.

Zubin farko layi biyu ne:

```
r = subprocess.run([suna, "--help"], capture_output=True, text=True)
return r.stdout
```

`capture_output` da `text` sun shigo ne a Python 3.7, don haka daga nan zuwa sama za a tallafa. An gwada da `ls`, `cp`, `sort`, `grep` da `tar` a Debian, duk sun amsa lafiya lau. Dalili kuwa shi ne ƙa'idojin rubuta manhaja na GNU sun ce kowane umarni ya karɓi `--help`, ya zuba bayaninsa a `stdout`, ƙofar fitar da rubutu ta yau da kullum, ya fita da sifili, lambar da ke nuna nasara. Su `help2man` da wasu dabarun cike umarni na bash da zsh a kan wannan ƙa'idar suka dogara. Sai dai ƙa'idar GNU ce, waɗanda ke cikin gidan kawai ta ɗaure.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Da aka faɗaɗa jerin gwaji, sai rubutu ya riƙa dawowa wayam. Ba wai umarnan ba su yi magana ba ne, ta wata ƙofar suka yi, wato `stderr`, inda aka saba zuba saƙon kuskure.

`ssh` bai san `--help` ba sam. Yana cewa `unknown option -- -`, sannan ya jero taƙaitaccen yadda ake kiransa a `stderr`, ya fita da 255. Manhajojin Go da ke amfani da kunshin `flag` su ma a `stderr` suke rubutawa. Kafin Go 1.15 da 2 suke fita, daga 1.15 aka mayar da ita sifili, kuma har yau ana cin karo da waɗanda aka harhaɗa da tsohuwar siga. BusyBox, wanda shi ne `ls` da `cp` na Alpine, a `stderr` yake zuba nasa. Java tun daga siga ta 9 ta raba abin biyu da gangan: `java -help` ya tafi `stderr`, `java --help` ya tafi `stdout`. Shi kuma `ffmpeg` kowace ƙofa ya ba ta rabonta: tambarin siga da jerin ɗakunan karatun da aka haɗa shi da su a `stderr`, ainihin taimakon a `stdout`.

Wannan na ƙarshe shi ya hana a haɗe ƙofofin biyu da `stderr=subprocess.STDOUT`. Da an haɗe, tambarin `ffmpeg` da gargaɗin kowace manhaja za su gauraya da taimakon, kuma ba tabbas wane zai riga wane, tunda ɗaya ana tara shi kafin a zuba, ɗayan nan take yake fita. An bar su a rabe, ana auna kowace. Ma'aunin mai sauƙi ne: akwai kalmar `usage` a layukan farko, babban baƙi ko ƙarami? Layuka nawa ne suka fara da sarari sannan karan zaɓi, wato `-`? Wadda ta fi maki ita ake ɗauka. Idan wadda ta yi nasara ba ta da layin bayanin zaɓi ko da uku, kamar ta `ssh`, ana ajiye ta a matsayin taƙaitawa kawai, a je neman cikakke a wani wuri.

An cire `check=True` gaba ɗaya. Lambar fita ba ta nuna an samu taimako ko ba a samu ba. Ana rubuta ta a sakamako don mai bin diddigin matsala, ba a yanke hukunci da ita. Abu ɗaya ake dubawa: idan ta zo ƙasa da sifili, Python na nufin sigina ce ta kashe umarnin, misali -9 ko -11, kuma abin da aka tara na iya zama guntu.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

An kawo shawarar idan `--help` ya gaza a gwada `-h`. An ƙi, kuma ya kamata a rubuta dalili a nan don kada wani ya sake dawo da ita bayan wata shida.

`-h` ba ta da ma'ana ɗaya. A `ls`, `df` da `du` tana nufin a nuna girman fayil yadda mutum zai karanta, kuma umarnin zai yi aikinsa ne kawai. `du -h` zai bi duk foldar da yake ciki yana ƙidaya. A `sort` tana nufin jera lambobi irin su 2K da 1G, sai ya zauna jiran a ba shi abin jerawa. A `psql` da `mysql` sunan uwar garke (server) take jira. A `shutdown` kuma kashe na'ura take nufi, kuma a tsarin systemd idan ba a faɗi lokaci ba, minti ɗaya ake ɗauka. Edita da ke gudana da ikon `root`, wato cikakken iko, a cikin uwar garke, mutum ya ajiye alamar rubutu a kan kalmar `shutdown` don ya karanta bayaninta, bayan minti ɗaya na'ura ta mutu. Ba abin da za a bari ya yiwu ba ne.

Yanzu akwai tebur, `hanyoyi.toml`, mai ɗauke da sunan umarni da yadda ake tambayarsa. `-h` ba ta tafiya sai ga wanda aka rubuta sunansa a ciki da hannu.

Ita ma `--help` ɗin ba tsira ba ce, kuma wannan shi ne tushen duk aikin. Neman taimako gudanar da manhajar wani ne, ba karanta takarda ba. Rubutun shel da wani ya yi wa kansa, irin `deploy.sh` ko `goge_tsoffi.sh`, galibi ba ya ko duba abin da aka miƙa masa. Ka ba shi `--help`, ya kama aikinsa. Don haka an kafa doka: abin da `shutil.which` ya samo a foldojin tsari, su `/usr/bin`, `/bin`, `/usr/sbin`, `/usr/local/bin` da `/opt/homebrew/bin`, shi ake gudanarwa kai tsaye. Duk wanda ke cikin foldar aikin mai rubutu ko gidansa, sai an tambaye shi ya yarda, sau ɗaya ga kowane fayil. Kuma ko wanda aka yarda da shi, a cikin folda ta wucin gadi wadda ba komai a ciki ake tada shi, saboda umarnin da ya ɗauki `--help` a matsayin sunan fayil ya yi ɓarnarsa a inda ba abin ɓatawa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ranar maƙalewa. Iri huɗu aka samu, kowanne da sanadinsa.

Na farko jiran shigarwa ne. Umarnin da bai gane zaɓin ba yakan zauna yana sauraron `stdin`, ƙofar shigar da rubutu, wanda ya gada daga editan. `stdin=subprocess.DEVNULL` ya magance shi: yana karantawa ya tarar an kai ƙarshe, ya fita.

Na biyu kiki-kaka ne a bututu, hanyar da rubutun umarnin ke bi ya iso editan. An koma `Popen` don samun iko, sai aka kira `wait()` kafin a karanta abin da ya fito. Bututu a Linux bayit 65,536 yake ɗauka idan ba a canza ba. `ffmpeg -h full` ya ninka haka sau da yawa. Yana cika bututun sai ya tsaya jiran a kwashe, uwa kuma, wato editan da ya tada shi, tana jiran ya gama kafin ta kwashe, aka yi cirko-cirko. Da gajerun taimako ba a taɓa ganin wannan ba, shi ya sa ya wuce gwajin farko. Haka zai faru idan aka karanta `stdout` har ƙarshe alhali `stderr` ne ya cika. Dole a riƙa kwashe biyun a lokaci guda.

`communicate()` na yin haka, amma ba shi da iyakar yawan abin da zai tara, kuma nan ne na uku ya fito. `yes` na macOS ba ya duba zaɓi. `yes --help` zai ta buga kalmar `--help` ba tsayawa, cikin sauri kuwa, kafin daƙiƙa biyar na wa'adi su cika ya riga ya cinye ƙwaƙwalwa mai yawa. An rubuta madaukin karatu da `selectors`: ana karanta bayit 65,536 a kowane zagaye daga duk bututun da ya shirya, ana ƙirga jimla, idan ta haura megabayit 4 ko daƙiƙa 5 suka cika a yanke. Abin da aka yanke saboda girma ba a nuna shi, domin ba taimako ba ne.

Na huɗu jikoki ne. Wa'adin `subprocess.run` ɗan kawai yake kashewa, wato umarnin da editan ya tada. Idan ɗan ya riga ya tada wani, kamar rubutun shel da ke kiran Java ko Node, jikan zai ci gaba da rayuwa riƙe da bakin bututun, kuma mai karatu ba zai ga ƙarshe ba sai ya sake. Maganin shi ne `start_new_session=True`, wanda ke sa ɗan ya zama shugaban rukuninsa, sannan a kashe rukunin duka:

```
os.killpg(p.pid, signal.SIGKILL)
p.wait()
```

`p.wait()` ɗin ba ado ba ne. Idan aka bar shi, gawar ɗan za ta zauna a jerin ayyukan tsari. Sabon zaman yana da wata riba da ba a nema ba: ɗan ya rasa taminal ɗin da ke iko da shi, don haka duk manhajar da ke buɗe `/dev/tty` kai tsaye don tambayar kalmar sirri ko jiran a danna maɓalli za ta gaza nan take maimakon ta tsaya jira.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Git ya ci yini guda shi kaɗai. `git --help` yana bugawa a `stdout` ba matsala. Amma `git commit --help` daidai yake da `git help commit`, wato buɗe cikakken littafin jagora, kuma yadda zai buɗe shi ya danganta da saitin `help.format`. A Linux `man` yake kira. A Git na Windows saitin `html` ne, sai burauza ta buɗe a fuskar mutum, mu kuma mu samu wayam. Abin da ake so shi ne `git commit -h`, mai ba da gajeren jerin zaɓuɓɓuka ya fita da 129. An sa shi a tebur.

Akwai tarko a laƙabobi. Idan mutum ya yi laƙabi a `.gitconfig` wanda ya fara da `!`, umarnin shel ne, kuma `git laƙabin -h` zai faɗi abin da laƙabin ke nufi sannan ya gudanar da shi. Yanzu ana fara tambayar `git config --get alias.<suna>`, idan akwai amsa, ita ake nunawa, ba a gudanar da komai.

Sauran da aka ƙara a tebur yau: `curl` tun siga 7.73.0 a shekarar 2020 yake taƙaita `--help` zuwa zaɓuɓɓuka kaɗan, cikakken sai `--help all`. `ffmpeg` ana ba shi `-hide_banner -h long`, domin `full` ya fi ƙarfin gefen allo. Manhajojin Rust da aka gina da clap suna da gajere a `-h` da dogo a `--help`, kuma `rg` ma haka yake. Gajeren ya fi dacewa da mu. `aws` kalmar `help` yake so a ƙarshen umarni. `docker`, `kubectl` da `gh`, da yake duk Cobra ce a ƙarƙashinsu, `--help` bayan ƙaramin umarni ya wadatar.

Game da mai juya shafi, yawancin manhajoji ba sa kiran `less` idan suka ga bututu ne a gabansu ba taminal ba. Ba a dogara da ladabinsu ba: `PAGER`, `GIT_PAGER`, `MANPAGER` da `SYSTEMD_PAGER` duk an sa su `cat`.

Talata, 18 ga Nuwamba

Faɗin layi. Gefen allon editan ba ya tsayawa a faɗi ɗaya, kuma kowane gida da yadda yake naɗe layinsa.

`argparse`, mai karanta zaɓuɓɓuka a manhajojin Python, yana tambayar `shutil.get_terminal_size()`, wanda ke fara duba `COLUMNS`, sannan taminal, in ba ko ɗaya ya ɗauki 80, kuma a cire 2 daga abin da aka samu. Da `COLUMNS=100` layi zai naɗe a 98. Click, wanda shi ma irin wannan aikin yake yi, yana duba faɗin amma ya kafa rufi a 80 sai in mai manhajar ya ɗaga shi, don haka daga waje ana iya ƙuntata shi, ba a iya faɗaɗa shi. Masu amfani da `argp` na GNU, irin `tar`, suna karɓar `ARGP_HELP_FMT=rmargin=100`. `man` nasa `MANWIDTH` ne. Su `ls` da `cp` kuwa da hannu aka karya layukansu a cikin lambar tushe, ba saitin da zai motsa su.

An gwada sake naɗe layukan da kanmu, aka fasa. Bambance layin da ke ci gaba da bayani da layin da ke misalin umarni ba ya yiwuwa ba tare da kuskure ba, kuma misalin da aka karya a tsakiya ya fi layi mai tsawo illa, domin mutum zai kwafe shi. Ana neman faɗin da ake so ta waɗancan saituna, wanda bai amsa ba a bar shi yadda ya zo, a ba allon damar gungurawa gefe.

Launi kuma: `NO_COLOR=1` da `TERM=dumb`, sannan a goge `FORCE_COLOR`, `CLICOLOR_FORCE` da `PYTHON_COLORS` daga muhallin da ake miƙa wa ɗan, saboda mutane na sa su a `.bashrc` su manta. Abin ya ƙara muhimmanci tun da Python 3.14 ta fito a watan jiya da `argparse` mai launi. Bayan haka ana tace abin da ya tsallake. Tacewar farko `\x1b\[[0-9;]*m` ce kawai, ta launi; an faɗaɗa ta ta kama sauran alamomin da ke farawa da `\x1b[`, da kuma mahaɗan intanet da ake naɗewa cikin `\x1b]8;;`, inda ake cire adireshin a bar kalmar da ake gani.

An yi maganar amfani da taminal na bogi ta `pty.openpty()` don a samu taimakon da launinsa. An ajiye. Da zarar manhaja ta ga taminal, mai juya shafi da tambayoyi za su dawo, ƙarshen layi ya koma `\r\n`, ƙofofin biyu su haɗe in ba a buɗe biyu ba, kuma a Linux ƙarshen karatu da kuskuren `EIO` yake zuwa. Launi bai kai wannan wahalar ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

A na'urar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba gani a Yamai ko Damagaram, `ls --help` da `Utilisation :` yake farawa, sai ma'aunin 5 ga wata ya kasa gane shi. Buƙatu biyu ne suka ci karo: mai karatu ya fi son harshen na'urarsa, mai aunawa kuma Turanci ya sani. An raba. Kira na farko da `LC_ALL=C.UTF-8`, an goge `LANGUAGE` saboda gettext na fifita shi a kan sauran saitunan harshe. Da shi ake gano ƙofa da hanyar tambaya. Kira na biyu da harshen mai na'ura, ana ɗaukar ƙofar da aka riga aka gano ba tare da sake aunawa ba. Inda babu `C.UTF-8` a jerin `locale -a`, ana komawa `en_US.UTF-8`, in babu shi `C`.

An kuma daina amfani da `text=True`. Bayit ake karɓa, mu fassara da kanmu, domin bayit ɗaya da bai dace ba ya isa ya tada `UnicodeDecodeError` ya zubar da duk rubutun.

Talata, 25 ga Nuwamba

Shafukan `man` su ne mafaka ga irin su `ssh`. Ana fara kiran `man -w suna`, wanda ke faɗin inda shafin yake ba tare da shirya shi ba. man-db, wato `man` ɗin Debian da yawancin Linux, na fita da 16 idan babu. An taƙaita nema ga sashe na 1 da na 8 ta `MANSECT=1:8`, don kada a nemi umarni a samu bayanin aikin C mai suna iri ɗaya a sashe na 2 ko na 3.

man-db yana cire ado da kansa idan ba taminal yake rubuta wa ba, sai in an sa `MAN_KEEP_FORMATTING`, wanda yanzu ake gogewa. Na macOS da BSD ba sa cirewa. Suna barin tsohuwar dabarar injin buga takarda: baƙi mai kauri shi ne baƙin, sai koma-baya, sai baƙin kuma, ja-layi shi ne `_`, koma-baya, baƙin. A allo sai kanun `NAME` ya fito `NNAAMMEE`. `col -b` na gyarawa, amma tace `.\x08` bayan an fassara bayit zuwa haruffa ya yi daidai ba tare da tada wani umarni ba. Wanda aka fara yi yana da muhimmanci: in aka tace tun yana bayit, harafin da ke da bayit biyu ko uku zai rabe, a bar guntunsa.

Karan zaɓi ya ba da matsala ta ɓoye. A harshen roff `\-` shi ne karan da ake bugawa a madannai, `-` tsirara kuwa karan haɗa kalma ne, kuma a UTF-8 yana iya fita a matsayin U+2010. A ido ba bambanci. Wasu rabe-raben Linux suna mayar da shi na madannai, wasu ba sa yi, kuma maganar ta sake tasowa da fitowar groff 1.23 a 2023. Mutum ya kwafi zaɓi daga irin wannan shafin, shel ya ce bai san shi ba, ya rasa dalili. Ana mayar da U+2010 da U+2212 zuwa karan madannai a duk rubutun da ya fito daga `man`. Ga man-db ana ƙara `--nh --nj` don hana karya kalma a ƙarshen layi da cusa sarari a tsakani.

A hoton Ubuntu na cikin kwantena an cire shafukan, kuma `man` ɗin da ke wurin saƙo kawai yake bugawa cewa an rage tsarin, a gudanar da `unminimize`. Ana gane shi ta rashin kanun `NAME` ko `SYNOPSIS`, a jefar.

Umarnan cikin shel su ma yau aka gama da su. `cd`, `export` da `ulimit` ba su da fayil a Debian, `shutil.which` na dawo da `None`. Ana tambayar bash: `bash -c 'help -m "$1"' _ cd`. Sunan ta `$1` yake shiga, ba a liƙa shi cikin jimlar ba, don kada abin da ke rubuce a fayil ɗin mutum ya zama umarni. `echo`, `printf`, `test` da `kill` suna da fuska biyu, na ciki da na fayil, kuma zaɓuɓɓukansu sun bambanta. Na ciki ake nunawa, tunda shi shel zai gudanar.

Talata, 2 ga Disamba

Ga kayan aikin da aka rubuta da Python a cikin wannan aikin, tada sabon aiki don karanta taimako asara ce. `parser.format_help()` na dawo da rubutun kai tsaye, `format_usage()` kuma layin farko kawai. Sharaɗi shi ne a iya samun `parser` ba tare da gudanar da `main()` ba, don haka an ciro gina shi zuwa `gina_parser()` a kowane kayan aiki. Ana kuma ba shi `prog=` a fili, in ba haka ba sunan editan zai fito a layin `usage`, domin daga `sys.argv[0]` ake ɗauka.

Hanyar da aka fara bi ita ce `parse_args(["--help"])` a cikin `contextlib.redirect_stdout`. Ta rufe editan ɗungurungum. `argparse` na gama bugawa yake tada `SystemExit`, wanda ba ɗan gidan `Exception` ba ne, don haka `except Exception` bai tare shi ba. Ko an tare shi da sunansa, `redirect_stdout` na canza `sys.stdout` ga dukan manhajar ne, duk wani zare da ya buga wani abu a wannan lokacin zai faɗa cikin taimakon. An bar ta.

Click ya fi sauƙi, kuma a nan rufin 80 ɗin ba ya aiki:

```
ctx = click.Context(cli, info_name="kaya", terminal_width=100)
rubutu = cli.get_help(ctx)
```

`list_commands` da `get_command` na ba da ƙananan umarnai, kuma tun Click 8.0 akwai `to_info_dict()` mai ba da zaɓuɓɓuka a tsare, ba sai an tsinto su daga rubutu ba. `argparse` ba shi da irin wannan ƙofar a fili. Sai an leƙa `_actions`, wanda ba a yi alkawarin zai dawwama ba. Duk da haka ya fi tsintar rubutu aminci, domin rubutun ma yana canzawa: a 3.10 kanun `optional arguments:` ya koma `options:`, a 3.13 kuma aka daina maimaita sunan ƙima, `-f FOO, --foo FOO` ya zama `-f, --foo FOO`. Gwaje-gwaje biyu da ke kwatanta rubutu baƙi da baƙi sun faɗi a kan wannan, an sake su su duba kasancewar zaɓin kawai.

An tsinci kuskure a ɗaya daga kayanmu: bayanin zaɓi mai ɗauke da `%` guda. `argparse` na ɗaukar `%` alamar cike gurbi, sai `format_help()` ya faɗi da `ValueError`. `%%` ake rubutawa.

Kunshin Python na wasu ba a shigo da shi cikin editan. `import` ma gudanarwa ne, kuma ba wa'adi, ba rukunin da za a kashe. Su ta bututu za su ci gaba da bi.

Alhamis, 4 ga Disamba

Windows. `dir` da `copy` na cikin `cmd` ne, ana tambayarsu da `cmd /c dir /?`. `npm` a can `npm.cmd` ne, miƙa sunan tsirara ga `subprocess` na ba da `FileNotFoundError`, sai an ba shi cikakkiyar hanyar da `shutil.which` ya samo. Amma `which` a Windows yana iya fara duba foldar da ake ciki, don haka dokar 6 ga Nuwamba ana aiwatar da ita a kan hanyar da ya dawo da ita bayan an warware ta. Fayilolin `.cmd` da `.bat` kuma `cmd.exe` ne ke sake fassara abin da aka miƙa musu, `&` a cikin suna na iya zama umarni na biyu; sunan ƙaramin umarni yanzu sai ya ƙunshi haruffa, lambobi, `-`, `_`, `.` ko `:` kawai. `CREATE_NO_WINDOW` ya hana baƙar taga walƙawa. Babu `killpg` ko `selectors` a kan bututu, don haka zare biyu ke karatu, `taskkill /T /F /PID` ke kashe zuriya.

Fassarar bayit mataki uku ce. Idan kusan kowane bayit na biyu sifili ne, UTF-16 ne, kamar yadda `wsl --help` ke fitarwa. In ba haka ba a gwada UTF-8 ba sassauci. In ya ƙi, a koma `oem`, wanda Python ke fassarawa da shafin haruffan na'urar, galibi 437 ko 850.

Wata matsalar daga ɓangaren ɗan take. Kayan aikin da bayaninsa ke da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ yana bugawa lafiya a taminal, amma da aka sa masa bututu sai Python ta koma cp1252, wanda ba shi da waɗannan haruffan, ya faɗi da `UnicodeEncodeError` tun kafin ya fitar da layi ɗaya. Abin da ya iso mana jerin kuskure ne a `stderr`. `PYTHONUTF8=1` da `PYTHONIOENCODING=utf-8` a muhallin ɗan sun gyara, kuma ma'aunin yanzu yana jefar da duk rubutun da ke ɗauke da `Traceback (most recent call last):`.

Talata, 9 ga Disamba

An sa rumbun ajiye taimakon da aka riga aka samo, saboda masu tashi a hankali irin na Java da Node ba a so a riƙa tada su duk lokacin da alamar rubutu ta motsa. Mabuɗin ya haɗa ainihin hanyar fayil bayan `os.path.realpath`, da `st_mtime_ns`, da girmansa, da ƙaramin umarni, da faɗi, da harshe. Rashin samu ma ana ajiye shi, na awa ɗaya, don kada a yi ta jiran daƙiƙa 5 a kan umarnin da aka san zai maƙale.

Mabuɗin ya gaza a kan `pyenv` da `asdf`, masu sauya sigar Python da makamantanta. Abin da ke kan `PATH` ɗan rubutu ne mai tura kira ga sigar da aka zaɓa, shi kansa ba ya canzawa ko an sauya siga, kuma zaɓin ya danganta da fayil irin `.python-version` da ke foldar aikin. Wannan ya ci karo da gudanarwa a folda ta wucin gadi: daga can sigar gama-gari za a samu, ba ta aikin ba. Gyaran da ke kan gwaji shi ne, idan hanyar ta bi ta foldar `shims`, a tambayi `pyenv which suna` ko `asdf which suna` daga foldar aikin, sannan a gudanar da ainihin fayil ɗin da suka nuna daga foldar wucin gadi, mabuɗin rumbu kuma a gina shi a kan wannan fayil ɗin. Na `pyenv` ya wuce gwaji a Debian da macOS. Na `asdf` da `Get-Help` na PowerShell, wanda ke buƙatar `Out-String -Width` kafin ya ba da rubutu mai faɗin da ake so, an tura su mako mai zuwa.